Shekara uku ina kai takarda gidajen rediyo da talabijin, ba wanda ya taɓa kirana

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce, ina da ƙane kurma wanda a dalilinsa na koyi maganar hannu tun ina ƙarama. Shekara uku ke nan da muka kafa wata 'yar ƙungiya ni da abokaina huɗu, biyu daga cikinsu kurame ne, muna koya wa iyayen yara kurame maganar hannu kyauta duk ranar Asabar. Yanzu muna da iyaye kusan talatin. Damuwata ita ce har yau ban samu gidan rediyo ko talabijin ko ɗaya da ya yi magana a kan aikinmu ba. Na rubuta takarda mai shafi huɗu, da tarihin ƙungiya da manufofinta da sunayen shugabanni, na kai wa manajojin tashoshi shida. Biyar ba su ce uffan ba. Ta shida ta tura ni sashen talla, aka miƙo min takardar farashi. Na gayyace su bikin cikarmu shekara uku, ba wanda ya leƙo. Abin yana ci min rai, don ko makon jiya wata uwa ta fashe da kuka a aji, ta ce ranar ce ta farko da ɗanta ɗan shekara bakwai ya gaya mata inda ke masa ciwo ta fahimta. Irinta suna da yawa, ba su san da mu ba. Wai sai mai hanya ko mai kuɗi ake sawa a rediyo ne? Wasu sun ce in riƙa saka wa 'yan jarida wani abu a ambulan. Ki ba ni shawara, na fara karaya.

Ƙanwarki mai neman mafita

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya saka muku da alheri a kan wannan aiki.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. A karo na biyu na tsaya a kan uwar nan da ta yi kuka, na ce a raina ga labarin da kike ta nema, kin ajiye shi can ƙasa kamar abin da ya faɗo miki a baki. Shekara bakwai uwa tana rainon ɗanta, yana kuka tana lalube, ba ta san ciki ne ko haƙori ko kunne ba, sai ranar wata Asabar. Na yi shekaru ina shirya shirye-shirye a rediyo kafin in koma rubutu, kuma ina tabbatar miki da a ce wannan jimlar ce ta faɗo wayata a wancan lokacin, da ban gama shan ruwan da ke hannuna ba na kira ki. Ina kuma kyautata zaton ko kusa ba ta cikin shafi huɗun da kika kai.

Abin da kika kai musu ƙungiya ce, su kuwa mutum suke nema. Tarihin kafuwa da manufofi da sunayen shugaba da ma'aji suna da amfani a wurin mai ba da tallafi ko ofishin rajista. Mai sauraro da ke tuƙi ko take wanke-wanke ba zai rage gudu don ya ji sunan sakatarenku ba. Tun a 1965 wasu masana biyu a Norway, Johan Galtung da Mari Ruge, suka bibiyi yadda jaridun ƙasarsu ke zaɓen labaran ƙetare, suka fitar da dalilai 12 da ke sa abu ya zama labari. Daga ciki akwai cewa abin ya zo ba zato, ya shafi masu karatu, kuma a iya ba da shi ta kan wani mutum takamaimai. Bikin cika shekara uku bai da ko ɗaya a cikin waɗannan, shi ya sa ba wanda ya zo. Kada ki ɗauka raini ne. Duk ƙungiyar da ba ta mutu ba tana cika shekara, kuma kowace tana aika katin gayyata.

Kuskure na biyu shi ne ƙofar da kika ƙwanƙwasa. Manaja yana fama da albashi da na'urori da masu talla, ba shi ke zaɓen baƙon da zai shiga shirin safe ba. Takarda mai tambarin ƙungiya idan ta isa teburinsa, abin da ya fi kama da ita shi ne neman sayen fili, don haka tashar da ta tura ki sashen talla ba ta yi miki wulaƙanci ba, ta karanta takardarki yadda ta zo ne. Haka mai gabatarwa, wanda kowa ya san muryarsa kuma kowa ke cika wa waya da saƙo, sau da yawa ba shi ke yanke hukunci ba. Mutumin da kike nema shi ne furodusa, mai shirya shirin, wanda ba a jin muryarsa. Ita (bari in ce ita, don na zauna a kujerar) ke nemo baƙi, ta kira su, ta rubuta tambayoyi, ta lissafa mintoci, ita ce kuma ake wa faɗa idan baƙo bai zo ba. A ɓangaren labarai kuwa akwai editan da ke rarraba wa wakilai aiki, da wakilin da ya saba bin harkar lafiya ko ilimi. Sunayensu ba sirri ba ne. A rediyo ana faɗar su a ƙarshen shiri, a talabijin ana rubuta su suna wucewa, lokacin da kowa ya riga ya tashi. Ke ki zauna ki rubuta. In ya ƙi, ki kira tashar ki ce wa ke shirya shiri kaza.

Ina so ki fahimci halin da furodusa take ciki, don a nan duk dabarar take. Kina ganinta kamar mai tsaron ƙofa da ke hana mutane shiga. Ita kuwa da rami take kwana, da shi take tashi: minti talatin ko awa guda da dole a cike su gobe, da jibi, da gata, ko an samu abin faɗa ko ba a samu ba. A yawancin ɗakunan labarai ana taro da safe, kowa ya kawo abin da yake da shi, edita ya ce wannan a bi, wannan a bari. A taron nan ba a karanta shafi huɗu. Furodusa tana da numfashi ɗaya ko biyu ta faɗi labarin, sai a jefo mata tambayoyi: me ya sa yau, wa zai yi magana, me za mu gani ko mu ji. Idan saƙonki ya riga ya amsa waɗannan ukun, kin yi mata rabin aikin ranar, kuma mutum ba ya mantawa da wanda ya sauke masa kaya.

Mu fara da me ya sa yau. Aikinku yana nan duk Asabar, abin da ke nan kullum kuwa ana iya ɗaga shi zuwa wani makon har abada. Sai kin rataya shi a jikin wata rana. Ke kam kin yi sa'a, kalanda tana tare da ke. Ranar 3 ga Maris ita ce Ranar Ji ta Duniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke jagoranta. Ranar 23 ga Satumba ita ce Ranar Harsunan Maganar Hannu ta Duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2017, aka fara bikinta a 2018, kuma an zaɓi ranar ne don a irinta aka kafa Tarayyar Kurame ta Duniya a birnin Rum a 1951. Sai 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman. Tashoshi suna da kundin irin waɗannan ranaku, kuma duk shekara sai an yi ta neman wanda za a gayyata, a ƙarshe a dawo kan likitan nan ko jami'in nan da aka ji bara. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ki aika saƙonki mako biyu ko uku kafin ranar, lokacin da ramin yake buɗe. Ban da kalanda, ki riƙa sa kunne. Idan aka fara muhawara a kan wata dokar ilimi, ko aka ba da labarin kurman da aka kasa fahimta a asibiti ko gaban alƙali, ranar ce za ki aika layi biyu ki ce muna da wanda abin ya taɓa shafa, kuma zai iya magana yau. A irin wannan, awa uku ma jinkiri ce.

Kafin ki rubuta wa kowa, ki ɗauki mako biyu kina sauraro da kallo da biro a hannu. Wane shiri ne ke kawo baƙi? Minti nawa yake ba kowa? Ana buɗe waya ga masu sauraro? Kai tsaye ne ko naɗa ake yi? Saƙon da aka tura wa tashoshi ashirin iri ɗaya ana gane shi daga layin farko, kuma ba wanda ke jin nauyin amsa shi. Ki zaɓi shirye-shirye uku kacal, na lafiya ko na iyali ko na ilimi, ki rubuta wa kowanne nasa. Ga misalin yadda zan rubuta da ni ce ke:

"Barka da aiki. Na saurari shirinku na makon jiya a kan yaran da ke jinkirin fara magana. Ranar 23 ga Satumba ce ranar maganar hannu ta duniya. Akwai wata uwa a ajinmu da ta yi shekara bakwai ba ta iya fahimtar ɗanta kurma idan ba shi da lafiya, sai da ta fara koyon maganar hannu. Ta amince ta ba da labarinta da bakinta. Akwai kuma malami kurma da ke koyar da iyayen, tare da tafinta. Ajin yana zama duk Asabar daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, kuna iya zuwa ku naɗa, ko mu zo sutudiyo. Ga lambata, ina ɗagawa kowane lokaci."

Shi ke nan. Ki lura sunan ƙungiyarku ma bai fito ba. Zai fito da kansa ranar shirin, lokacin da mai gabatarwa zai tambayi uwar ina ta koya. Idan ta imel za ki aika, ki sa labarin a kan layin take, kamar "Uwar da ta yi shekara bakwai ba ta fahimtar ɗanta", kada ki rubuta "Neman haɗin gwiwa". Ki zuba komai a cikin saƙon, don takardar da aka liƙa sai an buɗe, mai sauri kuwa ba ta buɗewa. Idan ta WhatsApp ne, rubutu za ki yi, ban da saƙon murya na minti biyar.

Alƙaluma kuma ɗaya ko biyu sun isa, muddin kin san inda kika samo su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 430 ne ke da matsalar ji da ke buƙatar kulawa, miliyan 34 daga cikinsu yara. Hukumar binciken lafiya ta Amurka kuma ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ake haifa kurame a can, iyayensu masu ji ne. Wannan na biyun shi ne ƙashin bayan aikinki gaba ɗaya, don yana nufin yawancin yaran nan suna buɗe ido ne a gidan da ba wanda ya iya harshen da za su iya koya cikin sauƙi. Amma ki faɗe shi yadda yake, ki ce na Amurka ne, kada ki mayar da shi na ko'ina. Furodusar da ta kama ki da ƙarin gishiri sau ɗaya ba za ta sake kiranki ba.

Na san abin da za ki ce: Anti, yaya za a yi labarin kurame a rediyo? Wannan tambayar za ta zo wa furodusa ma, don haka ki riga ta amsawa. Waɗanda kike nema ai ba kurame ba ne, iyayensu ne, masu ji, kuma rediyo na hannunsu. Sannan ajin maganar hannu ba shiru ba ne, kin fi ni sani. Akwai dariya idan uba ya yi alamar da ba ita ba, akwai buga ƙafa a ƙasa ko buga tebur don a jawo hankali, akwai muryar uwa tana maimaita kalma yayin da hannunta ke ƙoƙarin bin ta. Ki gaya wa furodusa waɗannan. Mai aikin rediyo idan ya ji an ce akwai sauti, kunnensa tashi yake yi. Malaminku kurma kuma zai iya yin hira ta bakin tafinta, sai dai a gaya wa mai sauraro tun farko cewa muryar da yake ji ta tafinta ce, maganar kuwa ta malamin ce.

Talabijin ta fi sauƙi ta wani ɓangaren, don gani ya kori ji, kuma hannaye talatin suna motsi tare hoto ne da ba a samunsa kullum. Shi ya sa za ki gayyace su aji ba taro ba. Mutane zaune a jere a bayan dogon tebur suna jiran jawabi shi ne hoton da mai kyamara ya fi tsana a duniya. Amma akwai abubuwan da sai kin faɗa, don yawancin masu ɗaukar hoto ba su taɓa aiki da kurame ba. Sun saba matso da kyamara kan fuska, a nan kuwa hakan yanke wa mutum harshe ne. Dole a ga hannaye da fuska tare, daga ƙugu zuwa sama. Rubutun suna da ake sawa a ƙasan allo kada ya rufe hannun. Kyamara ta tsaya a kan mai maganar hannu, kada ta juya ga tafinta don shi ne muryarsa ke fita. Wurin ya zama da haske. Ki faɗi waɗannan cikin ladabi kafin a kunna na'ura, za su gode miki. Idan kuma kina da ɗan bidiyon aji na daƙiƙa talatin, wanda aka ɗauka da waya a kwance ba a tsaye ba, ki haɗa da saƙonki.

Yanzu ga inda zan ja miki kunne. A misalin da na rubuta na ce "ta amince". Kada ki rubuta wannan kalmar sai ta amince da gaske. Kukan da ta yi, a aji ta yi shi, cikin waɗanda ta yarda da su. Ki zauna da ita ki gaya mata abin da fitowa a talabijin ke nufi: dangi za su gani, maƙwabta za su gani, za a yanki wani ɓangare a sa a intanet ya zauna shekaru, kuma abin da ya fita ya fita. Ta yi shawara da mahaifin yaron. Shi ma yaron, shekara bakwai ya isa a tambaye shi da harshen da yake ganewa ko yana so a nuna shi. Idan ta ce murya kawai ba fuska, ga rediyo. Idan ta ce a'a, to a'a ce, ki duba cikin sauran iyaye talatin ɗin. Sannan ki kula da kusurwar da za a ɗauko labarin. Akwai masu son su mayar da shi na ban tausayi, a sa kiɗa mai sanyi, a yi ta cewa bayin Allah. Ba ki da ikon ganin rahoto kafin a watsa shi, kuma kada ma ki nema, 'yan jarida ba sa bayarwa. Abin da ke hannunki shi ne wanda kika gabatar. Idan malami kurma ne ke tsaye gaban aji yana gyara wa masu ji kuskurensu, hoton da kansa ya hana a yi masa kallon abin tausayi. Ki kuma tambayi abokan aikinki kurame kalmomin da suke so a kira su da su da waɗanda ba sa so, ki miƙa wa furodusa a rubuce.

Idan aka kira, yawanci za a fara da 'yar hira ta waya. Ba gaisuwa ba ce, gwaji ne, ana so a ji ko kina iya magana a taƙaice ba tare da karanta takarda ba. Rahoton labaran talabijin da wuya ya wuce minti biyu, naki a ciki bai fi jimla biyu ko uku ba. Masu bincike a Amurka sun auna cewa a 1968 ɗan takarar shugaban ƙasa kan yi magana fiye da daƙiƙa 40 a jere a labaran dare, zuwa 1988 abin ya koma ƙasa da daƙiƙa 10. In haka ake yi wa mai neman shugabancin Amurka, ke ma ki shirya. Ki zaɓi abu ɗaya da kike so uwar da ke sauraro ta tashi da shi, misali cewa ba sai yaro ya shiga makaranta ake fara koyon maganar hannu ba, da kuma inda za ta same ku. Ki yi ta maimaita shi a gida har ya zauna a bakinki. Dogon godiya ga shugabannin tasha shi ake fara yankewa.

Batun ambulan kuwa, ban ba ki shawara ba. Akwai fili na kuɗi, wanda ake saya a sashen talla da rasit, kowa ya san talla ne; wannan halal ne idan kuna da hali wata rana. Akwai kuma labari, wanda ake ɗauka don ya cancanta. Abin da ke tsakaninsu, a saka wa wakili wani abu a ɓoye, ya saɓa wa ƙa'idar aikin jarida, kuma ke zai fi cuta. Ranar da kika fara, kin sa wa kanki farashi, duk zuwan da za a yi nan gaba sai an jira shi, ranar da babu kuma a ɗauke ƙafa. Ƙungiyar da ke koyarwa kyauta ba ta da wannan ƙarfin.

In kin aika kin ji shiru, ki bar kwana uku ko huɗu, ki tuntuɓa sau ɗaya, a gajarce, kuma ba lokacin da shirin ke gab da farawa ba. In shirun ya ci gaba, ki wuce zuwa shiri na biyu a jerinki ba tare da fushi ba. Wani lokacin ma za a sa miki rana, ki shirya, ki ɗauko mutanenki, sai wani babban labari ya ɓarke a ɗage ku. Ni kaina na sha yi wa mutane haka, ina jin kunya ina kira. Waɗanda suka ce ba komai, Allah Ya kai mu wani lokacin, su nake fara tunawa idan wani baƙon ya ba ni kunya ana saura awa ɗaya.

Kada kuma ki raina ƙaramar tasha. Manyan kafafe suna sauraron ƙanana suna tsintar labari, kuma hirarki ta farko, ko ta minti biyar ce, ita za ki liƙa a saƙonki na gaba don a ji yadda kike magana. Ki nemi kwafinta. Washegari ki aika wa furodusa godiya, kuma idan iyaye uku suka kira ku saboda shirin, ki gaya mata su uku ne. Ba kasafai mai shirya shiri ke jin abin da aikinta ya haifar ba.

Wannan Asabar ɗin, bayan an tashi daga aji, ki riƙe uwar nan ku yi magana. Ki gaishe min da ita, da malaman, da ƙanenki.